Malam Zakariya da Tsutsar Mangwaron Goggo

Duk wanda ya san unguwar Klemat a N'Djamena ya san mangwaron gidan Goggo A'isha Humaira. Wanda ya san mangwaron kuwa dole ya san Malam Zakariya, don tun da ya bar aiki shekara shida da suka wuce bai taɓa barin inuwar bishiyar nan ta wuni ita kaɗai ba. Gindin yana tsakar gida, amma wani ƙaton reshe ya haura katanga ya yi wa bakin titi rumfa. A ƙarƙashinsa Salihu mai shayi, mutumin Zariya da bai daɗe da zuwa garin ba, ya kafa teburinsa, a nan kuma Malam Zakariya ya kafa kujerarsa. Daga azahar zuwa magariba shi ke da magana. A zo a sha shayi, a saurare shi, a ƙaryata shi, gobe a dawo.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana planto a wani ofishin aikin gona, wato mai kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Mahassada a nan suke tsayawa. Abin da ba sa faɗa shi ne, a duk shekarun nan babu takardar da aka rubuta a kan fara ko gara ko tsutsa da ba ta bi ta hammatarsa ba, kuma ilimi ba ya shekara ashirin da biyu a hammatar mutum bai ratsa fata ba. Ya nemi a riƙa ce masa Injiniya, mutanen Klemat suka ƙi. Haka suke, ba su iya girmama nasu ba.

Kakansa ne ya dasa bishiyar. Malam Waliyyullahi ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai je Makka, matarsa ta haihu a nan, ya ce bari a jira ta yi arba'in, ya binne ƙwallon mangwaro don rage zaman banza. Arba'in ɗin ce har yau ba a gama ba. Jaririyar ita ce Goggo, mahaifin Zakariya kuma ƙaninta ne. Saboda haka ita da bishiyar sa'o'in juna ne, takan ce ma ita ce yaya da kwana tara.

Shekara uku a jere mangwaron yana nuna da tsutsa a ciki. Daga waje jawur, a yanka a ga ana ta iyo. Ya faɗo ya ruɓe, ƙudaje su cika gida. Abdulmutallib, ɗan Goggo, mai sayar da kayan babur a kasuwa, ya ce ya gaji. Dama ya daɗe yana auna wurin da ido, yana ganin butik, wato kanti, mai ƙofa biyu. Goggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, da ƙyar aka tsaya a kan magana ɗaya: bana ce ta ƙarshe, in tsutsa ta sake fitowa za a kira mai gatari.

Da labari ya iso teburin shayi, Malam Zakariya ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya tuna gidansa na kwano da matarsa wadda ba ta iya ganin namiji zaune ba ta nema masa aiki ba. Nan take ya ji kishin gadon kakansa ya taso masa.

Washegari ya zo da wani ɗan littafi na Faransanci. A ofis ya samo shi, inda ya shekara yana tokare da ƙafar teburin darakta. Bangon ya yage, amma hotuna na nan: ƙwari iri-iri, da bishiyoyi, da wani Bature mai malfa yana ta aiki. Malam Zakariya ya san Faransancin buga hatimi da na gaishe da manya, wanda ya ishi kowane mai basira. Sauran kuwa ai don shi aka yi hoto.

Ya tare Abdulmutallib a ƙofar gida. Shi ɗan namiji ne, Abdulmutallib ɗan mace, taubasai ke nan, don haka ba ya kiransa da suna.

"Bawana, mayar da gatarinka. Kwana goma na ba tsutsar nan ta tattara 'ya'yanta ta tsallake kogi ta koma Kuseri."

"Ubangidan da ba shi da ko akuya," in ji Abdulmutallib. "Wa ya karanta maka littafin?"

"Littafi ne ya karanta ni, ya ga na isa."

Abdulmutallib ya ce ya ji, amma don Allah a bar masa katangar gida a tsaye. Wasila matarsa, wadda ke koyarwa a lekol, wato makarantar boko, ta miƙa hannu ta ce Yaya Zakariya ya ba ta ta duba masa. Ya cusa littafin a aljihu ya ce wannan ba karatun yara ba ne. Goggo kuwa ta sa masa albarka, ta ƙara da cewa Allah ya sa wannan karon ya bambanta da lokacin da ya gyara mata fanka.

A hoto na farko kaji ne ke kiwo a gindin bishiya, suna tsince tsutsa daga 'ya'yan da suka faɗo. Malam Zakariya ya bi gida-gida yana aron kaji, yana bayanin cewa aikin ƙasa ne. Ya tara kaji goma sha ɗaya da zakaru uku, ya sake su a tsakar gidan Goggo, ya ja ƙyaure, ya koma kujerarsa yana gaya wa jama'a cewa a Turai kaza ma'aikaciya ce.

Baturen da ya yi littafin bai zana geron da Wasila ta wanke ta shanya a tabarma ba. Bai kuma zana abin da zakaru uku na gida uku ke yi in suka haɗu a fili ɗaya ba. Kajin suka zo suka leƙa ruɓaɓɓen mangwaro, suka kewaye shi cikin ladabi, suka faɗa wa gero. Zakarun suka fara daga gindin murhu suka ƙare a kan gadon Goggo. Da aka buɗe ƙofa, gashi ne ke yawo a sama kamar an fasa matashi.

Mayar da kajin ya fi aron su wuya. Duk kazar da ta fi ƙiba sai a sami mata uku suna rantsuwa tasu ce. Hajiya Maryamu, maƙwabciyar Goggo kuma ƙawarta tun ƙuruciya, ta karɓi zakaranta ba jela ta ce ita mai jela ta bayar. Shugaban unguwa ya wuni yana shari'ar kaji har la'asar ta kusa kuɓuce masa. Salihu ya tambaya ko tsutsa nawa aka ci. Malam Zakariya ya ce ba a auna nasara a ranar farko, kuma laifin na kajin Klemat ne, an sangarta su da gero, ba su san darajar aiki ba.

A hoto na biyu Baturen ya shafa wa gindin bishiya wani abu mai danƙo, ƙwari sun hau sun maƙale. Wannan ko yaro ya gane. Ƙaro ne, ga shi kuwa ƙasar nan ita ke sayar wa duniya. Ya sayo kwano guda ya dafa a tukunyar Wasila, ya ga bai yi kauri yadda yake so ba, ya zuba sukari. Ya shafe gindin tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, sannan ya kira 'yan majalisa su shigo su ga aiki.

Ya yi musu bayani mai daɗi, gaskiya. Ya ce ƙwaro kamar ɗan kasuwa yake, hanya ɗaya ya sani, in ka tare ta ya karye. Yana cikin magana daɗinta ya kwashe shi, ya jingina da bishiyar ya harɗe ƙafa kamar yadda darakta ke yi a jikin mota. Da ya zo tashi, rigar ta ce ita a nan za ta zauna.

"Malam, ga na farko ya kamu," in ji Salihu. "Babba ne kuwa."

"Kai baƙo ne a garin nan, ka iya bakinka. Gwada danƙon nake."

"To ya yi?"

Sai da aka zare shi ta ƙasan rigar kamar ana fiɗa. Ya koma gida da singileti, yana tafe yana amsa gaisuwa da girmansa. Kafin gari ya waye duk shazumamun Klemat ya ji labarin sukari, har da na unguwar Guji ya zo taya murna. Suka yi layi daga ƙofar gida zuwa gindin bishiya, suka cinye sukarin, suka taka rigar suka hau sama. Wasila ta kwana biyu tana kankare tukunya tana bin sa da kallo, wanda ya fi zagi ciwo.

Da wani ne da tuni ya haƙura. Amma Abdulmutallib ya fara zuwa da wani magini suna auna bakin katanga da igiya, a gaban idonsa, a cikin inuwarsa, har maginin ya ce ya ɗan ɗaga ƙafa. Malam Zakariya ya buɗe hoto na uku.

Nan Baturen ya shimfiɗa farin ƙyalle ƙato a ƙasa, yana dukan rassa da sanda, ƙwari na zubowa a kai ana ganinsu ɗaya-ɗaya. Ya zaɓi ranar Laraba da hantsi, don ba mai sa masa baki: Goggo ta tafi unguwar Milezi tun jiya wajen sunan jikar 'yarta, Wasila na lekol, Abdulmutallib na kasuwa. Abin da ya rage farin ƙyalle. Zannuwan gadon gidansa duk masu furanni ne, ƙwaro zai ɓuya a ciki. Ya shiga ɗakin Goggo, ai ɗakin goggonsa ne, ya buɗe adakar ƙarfe, a can ƙasa ya sami farin yadi sabo fil, an naɗe shi da kyau, yana ƙanshin turare. Ya yi mamakin yadda tsofaffi ke ɓoye kaya mai amfani. Ya shimfiɗa shi fala-fala a gindin bishiya, ya danne kusurwoyi da duwatsu, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, ya sa littafi a aljihu, ya ɗauki sanda ya hau.

Ya yi duka na gaskiya. Ƙwaro bai faɗo ba, amma ɗanyen mangwaro ya yi ta zubowa kamar ƙanƙara. Bai damu ba, tunda tsutsar a ciki take, faɗowarsu ɗaya. Da numfashi ya ƙare masa ya zauna a wata gwafa can cikin duhun ganye yana hutawa.

A lokacin Hajiya Maryamu ta yi sallama ta shigo aron rariya. Ta ga farin yadi a shimfiɗe ta tsaya cak. Ta sunkuya ta ɗaga kusurwa, ta ga koren zaren da aka ɗinka a wurin. Ita da Goggo tare suka je Makka shekara goma sha biyu da suka wuce, don cika tafiyar da Malam Waliyyullahi bai ƙarasa ba, tare suka sayi likkafaninsu, tare suka tsoma a ruwan Zamzam suka shanya, Goggo ta sa wa nata koren zare don kada su musanya. Kuma Goggo ta sha faɗa cewa ranar da aka ga yadin nan a waje, to an gama. Hajiya Maryamu ta ɗora hannu a ka ta fita tana salati.

Daga sama Malam Zakariya ya ga shigarta da fitarta, ya ji daɗi. Ashe dai akwai mai gane aiki in ta gani.

Kafin a sha shayi kofi biyu mata sun fara cika tsakar gida. A waje aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin reshensa, Salihu ya kashe rediyo, liman ya iso, shugaban unguwa ya iso. Malam Zakariya ya gyara rawani yana shirya jawabin da zai yi in ya sauko. Sai ya ji ana ta "Allah ya ji ƙanta". Ransa ya ɓaci. Wace ce wannan da ta rasa ranar mutuwa sai ranar aikinsa? Ya kasa kunne. Wata ta ce a Milezi abin ya faru, wata ta ce ai tun a wajen suna aka ga jikinta ya yi sanyi, wata ta ce gawa na hanya. An kira wayar 'yarta ba ta shiga, don Milezi ta kwana biyu ba wuta. Da ya ji an ambaci A'isha Humaira, sandar ta kusa suɓuce masa. Goggo. Goggon da ta goya shi. Ya kifa kai a jikin reshe ya yi kuka mai isarsa, ba wanda ya ba shi haƙuri.

Yana share hawaye da bakin rawani ya ji wata na tambayar Hajiya Maryamu wa ya kawo labari. Ta ce ba wanda ya kawo, da idonta ta ga an fito da likkafani, ga shi nan. Ta nuna.

Malam Zakariya ya leƙa ƙasa ya bi yatsanta da kallo. Ya dubi yadin, ya dubi mangwaron da ke zube a kai, ya dubi sandar hannunsa. Hawayen suka koma inda suka fito. Ya lissafa: in ya sauko yanzu, mata sittin ne a ƙasa, kowace da hannu biyu. Ya ga cewa mai hankali ba ya katse jama'a suna cikin ibada. Ya ƙara matsawa cikin ganye.

Sai ga Abdulmutallib a bayan klando, wato babur na haya, ya diro tun babur bai tsaya ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ratsa maza ya ratsa mata ya je ya rungume gindin bishiyar yana kuka kamar yaro. Liman da shugaban unguwa suka biyo shi suna ba shi baki. Abdulmutallib ya ce shi ya kashe ta da baƙin ciki, shi da butik ɗinsa.

"Liman ka shaida, jama'a ku shaida. Wallahi, tallahi, muddin ina numfashi ba mai sa wa bishiyar Inna gatari. Ko tsutsa za ta riƙa fitowa da ƙaho."

Liman ya ce sun shaida, Allah ya sa ta huta. Aka ja Abdulmutallib, gaban rigarsa ya ɗan yi gardama da sauran ƙaron, sannan ya saki.

Ana cikin haka tasi ta tsaya a ƙofar gida. Goggo ta fito a hankali, da kwanon cincin na suna a hannu, tana faɗa da direba kan ramukan da ya bi da ita. Mazan da ke kan tabarma suka kalle ta. Wani ya tashi ba takalmi ya kama hanyar Guji. Salihu ya ci gaba da zuba shayi a kofin da ya riga ya cika. Goggo ta dubi taron ta yi salati ta tambaya wa ya rasu, don me ba a aika mata ba.

Ta shiga gida, mata suka dare, Hajiya Maryamu ta zauna a ƙasa daɓas. Abdulmutallib ya riƙe hannun uwarsa yana jujjuyawa kamar mai sayen kaya. Goggo ta dube shi, ta dubi matan, sannan idonta ya sauka a kan yadin. Ruwan ɗanyen mangwaro ya yi masa ɗige-ɗige baƙaƙe daga wannan baki zuwa wancan. Ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗaga kai sama.

"Zakariya, na san kana nan. Sauko."

Bishiya ta yi shiru.

Malam Zakariya ya riga ya fara ja da ciki a kan babban reshen nan da ya haura katanga, da niyyar ya dira a titi ya tuna wani uzuri a Kuseri. Ya kai tsakiya ya yi ido biyu da wani ƙullutu mai ruwan toka a maƙale a ƙarƙashin ganye, wasu ƙwari masu siririn ƙugu suna shiga suna fita. Gabansa ya faɗi, amma na murna. Hoto na huɗu ke nan. A littafin akwai ƙwaro mai irin wannan ƙugu, cike da shafi guda, ga ƙullutu a jikin reshe, ga Bature yana cire shi. Ashe ga uban tsutsar inda ya ɓuya. In ya sauko da wannan a hannu, wa zai ƙara tada maganar yadi?

Ya ɗaga murya yadda na ciki da na waje za su ji, ya ce jama'a su matsa, ya kama mai laifi. Salihu ya ɗaga kai ya ce, "Malam, gidan rina ne fa." Malam Zakariya ya ce a Zariya ne ake ce masa haka. Ya ɗaga sanda ya maka.

Rina ba ta karanta littafin ba. Ta farko ta shiga ta ƙarƙashin rawani, sauran suka bi sawu. Ya yi tsalle a zaune, ya sake yi, reshen da ya shekara tamanin bai taɓa ɗaukar injiniya mai rawa ba ya yi ƙara ya tsage daga gindi. Shi da reshe da rina suka sauko tare a kan teburin Salihu. Kofuna suka tashi, gwangwanin madara ya gangara kwata, masu zaman makoki suka watse kowa na kaɗa hula. Shugaban unguwa, wanda aka sani da ciwon gwiwa, shi ya fara isa bakin kwalta.

Da ƙura ta lafa aka jawo shi daga cikin ganye, ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi biyu. Wasila ta iso daga lekol, don har can labarin rasuwar ya kai ta. Ta rungume Goggo, ta sake ta, ta tsinci littafin a gefen kwata ta buɗe. Ta karanta shafin farko, ta koma ta sake karantawa.

Ta ce littafin na wata bishiya ce ta ƙasashen sanyi da ake kira shatenye, wadda 'ya'yanta ke da ƙaya kamar bushiya, ga ma hotonsu a shafi na biyu. Ko kusa ba ta haɗa dangi da mangwaro ba, kuma in aka dasa ta a Klemat ba za ta ga la'asar ba. Ƙwaron da ya cika shafi kuwa, an rubuta a ƙasa cewa an ƙara girman hoton ne, ainihinsa bai kai ƙwayar gero ba.

"Yaya Zakariya, ba ka ga ƙayar ba?"

"Na gani," in ji shi ta gefen bakin da ke aiki. "Na ɗauka tsananin cutar ce."

Wasila ta ce tsutsar mangwaro wani ɗan ƙuda ne ke yin ƙwai a cikinsa, kuma abin da ta ji masana na faɗa shi ne a riƙa tsince wanda ya faɗo kullum, a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana, don kada ya sake ƙyanƙyashewa. Da ya ba ta littafin tun ranar farko da ta gaya masa. Malam Zakariya ya ce ai nan zai zo, hoto na biyar ne.

Abdulmutallib dai ya ja liman gefe yana tambaya ƙasa-ƙasa, ko rantsuwar da aka yi a kan uwar da ba ta mutu ba tana nan. Liman ya ce shi dai da Allah ya ji an rantse, ba da gawa ba. Goggo, wadda kunnenta ke kurumcewa in ana neman abu a wurinta ya warke in ana gulma, ta sa aka maimaita mata rantsuwar kalma-kalma har da ƙahon. Ta ce ta gode wa Allah da ya nuna mata makokinta da idonta, ta ga wanda ya yi kuka, ta ga wanda ya zo da kwanon ɗiban abinci. Sannan ta juya kan ɗan ƙaninta.

Ta ce tsintar ruɓaɓɓen mangwaro daga yau aikinsa ne, safe da yamma, Wasila ce darakta. Reshen da ya karya ya faskara ya kai wa Hajiya Maryamu kuɗin jelar zakara da na faɗuwar gaba. Ta sa aka naɗe yadin ta ajiye masa a cinya.

"Ni ba zan je gaban Ubangijina da tabon mangwaro ba. Kai kuwa ya dace da kai. Ajiye, in lokaci ya yi ka huta da saye."

Bishiya ta tsira, wannan kowa ya yarda. Abin da aka ƙi yarda da shi, saboda hassada, shi ne cewa tun farko haka Malam Zakariya ya tsara: kaji da ƙaro duk ɓad da sawu ne, rantsuwar yake nema, ya kuwa samu. Ya yi niyyar bayyana wannan dalla-dalla a majalisa da zarar leɓensa ya sace. Sai dai da ya dawo da kujerarsa bayan kwana huɗu, ya tarar inda reshe yake sama ce tsirara, rana na dukan ƙasa har tana wari. Salihu ya kwashe abin da ya rage na teburinsa ya tsallaka titi ya koma jikin katangar wani kanti, jama'a suka bi shi. Ya ce Malam na iya zuwa, amma a bar littafi a gida, kuma a can kowa ke magana bi da bi. Mutum mai daraja ba ya karɓar irin wannan sharaɗi.

Ya koma gida ya yi tunani irin na injiniya. Washegari ya zo da sanduna huɗu ya kafa a wurinsa na da, ya ɗaure yadin Goggo a sama, ya ja shi ya miƙe sarai. Inuwa ta samu, fara tas, mai faɗin da zai ɗauki mutum goma, har da ɗan ƙanshin turare in iska ta kaɗa. Ya sa kujera a tsakiya, ya jera benci biyu, ya zauna yana jira.

Masu wucewa suka riƙa sauka daga gefen hanya suna kewaye shi, wasu na addu'a a ƙasan numfashi. Da la'asar ya ɗaga murya ya kira Salihu ya ce a kawo shayi, kuma a gaya wa mutanen can ga wuri nan a banza, su zo su zauna.

Salihu ya kawo shayin har bakin inuwar, ya tsaya a rana, ya miƙa kofin da tsawon hannu.

"Sun ce a gaishe ka, Malam. Sun ce ka yi gaba, suna nan tafe, amma ba yau ba."